Yadda ake kafa reshen ƙungiyar masu shiga kogo da yadda ake tafiyar da shi

A watan Nuwamba na 2021 wani mai shiga kogo ya faɗi a cikin Ogof Ffynnon Ddu, wani kogo mai zurfi da ke kudancin Wales a Birtaniya, ya ji munanan raunuka. Sai da aka shafe sa'o'i fiye da 50 ana miƙa gadon da aka ɗaure shi a kai daga hannu zuwa hannu, ta cikin ruwa da matsatsun lunguna, kafin a fito da shi da ransa. Mutanen da suka yi wannan aiki, su kimanin 300, 'yan sa-kai ne da suka baro gidajensu daga sassa daban-daban na ƙasar, kuma akasarinsu sun koyi shiga kogo ne a wata ƙaramar ƙungiya ta yankinsu. A ƙarƙashin ƙasa waya ba ta kamawa, motar asibiti ba ta isa, kuma ba wanda zai iya kai wa mai shiga kogo ɗauki sai ɗan'uwansa mai shiga kogo. Saboda haka ne wannan harka ta ginu a kan ƙananan rassa, kuma duk wanda zai kafa reshe ya kamata ya sani tun daga farko cewa amana uku zai ɗauka: ta rayukan mambobinsa, ta mai filin da kogon yake ciki, da ta kogon kansa. Kowane mataki da zai biyo baya, da waɗannan ukun ake auna shi.

Ku fara sanin tsarin da za ku shiga

A Amurka uwar ƙungiyar ita ce Ƙungiyar Nazarin Kogo ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSS. An kafa ta a 1941, hedikwatarta tana birnin Huntsville a jihar Alabama, kuma rassanta sun haura 200. Kowane reshe ana kiransa giroto, kalmar da asalinta daga Italiyanci take, ma'anarta ƙaramin kogo. Reshe yana da shugabanninsa da asusunsa, amma da takardar amincewar uwar ƙungiya yake aiki. A Birtaniya abin ya sha bamban, domin ƙungiyoyin sun girmi uwar tasu nesa ba kusa ba: Craven Pothole Club ta fara a 1929, Bradford Pothole Club a 1933, kowacce tana cin gashin kanta, sai daga baya suka haɗu a majalisun yankuna da kuma ƙungiyar ƙasa ta BCA. A Faransa, ƙasar masanin kogo Martel wanda ya kafa ƙungiyar nazarin kogo tun 1895, ƙaramar ƙungiya takan yi rajista ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1901, sannan ta shiga tarayyar ƙasa da aka kafa a 1963, wadda take da kwamitoci a matakin gunduma da na yanki. A can sama kuma akwai tarayyar duniya ta UIS, wadda aka kafa a 1965.

Amfanin sanin wannan shi ne ku gane ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Inda akwai uwar ƙungiya, da ita za ku fara magana. Inda babu, sai ku nemi ƙungiya mafi kusa da ku, ko da a wata ƙasa take, ku roƙi ta zama jagorarku.

Mataki na farko: mutane kafin takarda

Kada ku fara da suna ko tambari. Ku fara da duba ko akwai reshen da yake aiki a inda za ku iya zuwa, domin idan akwai, ya fi muku ku shiga cikinsa ku yi shekara ɗaya ko biyu kuna koyo. Dalilin da ya halatta buɗe sabon reshe shi ne nisa, ko yawan mutanen da suka fi ƙarfin tsohon reshen, ko wani yanki mai kogwanni da ba mai kula da shi. Saɓani da shugabannin tsohon reshe ba dalili ba ne, kuma reshen da aka kafa don huce haushi yakan gaji rigimar da ta haife shi.

Ana bukatar wasu 'yan mutane da suka riga suka shiga kogo tare sau da yawa, suka san wanda yake gajiya da wuri da wanda yake tsoron matsi da wanda ba ya jin magana. A cikinsu lalle a sami aƙalla biyu da suka ƙware har za su iya jagorantar tafiya, domin reshen da ya dogara da gwani ɗaya yakan mutu ranar da aka yi wa gwanin canjin wurin aiki. Ku tsayar da rana ɗaya a kowane wata don taro, a wuri ɗaya da ba ya canzawa, ku riƙe ta ko da mutum huɗu ne suka zo.

Mataki na biyu: kundin tsarin mulki da neman amincewa

Kundin ya zama gajere, wanda sabon mamba zai karanta a zama ɗaya. Ya faɗi sunan reshen da manufarsa, da wanda zai iya zama mamba, da yawan kuɗin shekara da lokacin biyansa, da muƙamai da tsawon wa'adinsu, da adadin mutanen da sai sun hallara kafin a yanke hukunci, da yadda ake gyara kundin kansa. Akwai sassa biyu da masu kafa ƙungiya suke jin nauyin rubutawa saboda lokacin kowa abokin kowa ne, alhali kuwa su ne za a fi nema daga baya. Na ɗaya shi ne yadda ake dakatar da mamba ko korarsa idan ya ɓata kogo, ko ya shiga filin wani ba izini, ko ya jefa mutane cikin haɗari da gangan, tare da ba shi damar kare kansa. Na biyu shi ne inda kuɗi da kaya da taswirori za su koma idan reshen ya rushe.

Idan kundin ya kammala, sai a aika da shi ga uwar ƙungiya tare da sunayen mambobi da na shugabanni. A tsarin NSS, bayan an ba reshe takardar amincewa, ana sa ran ya riƙa aika rahoto kowace shekara don a san yana raye. Batun inshora ma a nan ake warware shi. A Birtaniya zama mamba a BCA yana zuwa da inshorar da take biyan diyya idan mamba ya jawo wa wani asara, kuma masu filaye da yawa ba sa ba da izini sai sun tabbatar da ita. Sannan a buɗe asusun banki da sunan reshen, wanda ba a cire kuɗi daga cikinsa sai da sa hannun mutum biyu.

Mataki na uku: rabon aiki

Shugaba da mataimakinsa da sakatare da ma'aji, waɗannan kowace ƙungiya tana da su, kuma aikinsu a nan bai bambanta da na ko'ina ba. Muƙaman da suka keɓanta da wannan harka su ne suka fi cancantar a tsaya a zaɓi masu riƙe su da kyau: mai tsara tafiye-tafiye, mai kula da kayan aiki, mai horarwa, mai hulɗa da masu filaye, da mai adana taswirori da rahotanni. A ƙaramin reshe mutum ɗaya zai iya haɗa biyu, amma a ganina bai kamata shugaba ya haɗa da riƙe makullan kogwanni ba, domin duk wanda ya tara iko da makulli a hannu ɗaya, sannu a hankali reshen yakan zama nasa. Zaɓe a yi shi kowace shekara, ko da waɗanda suke kai ne za su dawo.

Mataki na huɗu: mai fili

Kogo yana ƙarƙashin ƙasa, amma bakinsa a filin wani yake, ko manomi, ko makiyayi, ko kamfani, ko hukumar gandun daji. Izinin wannan mutum shi ne dukiya mafi tsada da reshe yake da ita, ana shekaru ana gina shi, kuma mutum ɗaya yana iya rushe shi da yammaci ɗaya ta hanyar barin ƙofar shinge a buɗe har dabbobi su fice.

Ziyarar farko mutum ɗaya ko biyu ne za su je, da tsabtatattun tufafi, ba da kayan shiga kogo ba, kuma ba a lokacin da aiki ya sha wa mai filin kai ba. A gaishe shi, a faɗi ko su waye da abin da ake so, a saurari abin da yake tsoro, wanda galibi bai wuce uku ba: kada wani ya ji rauni a ɗora masa alhaki, kada a lalata masa amfanin gona ko shinge, kada filinsa ya zama matattarar baƙi. A tambaye shi inda za a ajiye mota, da hanyar da za a bi, da watannin da ba ya son a zo. Duk abin da ya faɗa a rubuta shi, a karanta wa mambobi a taro, ya zama doka. Idan ya ce a'a, a yi masa godiya a tafi, kuma kada kowa ya lallaɓa ya shiga ta baya, domin wanda ya ƙi bana yana iya yarda baɗi idan ya ga an girmama maganarsa.

Bayan an sami izini, hulɗar ba ta ƙare ba. A riƙa leƙa shi idan an fito, a kai masa hoton abin da yake ƙarƙashin gonarsa da kwafin taswira idan an zana, a taya shi gyaran shinge. Masu filaye da yawa ba su taɓa ganin cikin kogon nasu ba, kuma ranar da aka miƙa wa mutum taswirar da take nuna rafin da yake gudana a ƙarƙashin inda yake noma, daga ranar ya daina kallonku a matsayin baƙi. Inda aka sa wa kogo ƙofa da kwaɗo, a ajiye littafi mai nuna wanda ya karɓi makulli da ranar da ya dawo da shi. Wasu masu shiga kogo a kudu maso gabashin Amurka sun ga kogwanni suna ta rufuwa a gabansu, sai suka kafa wata gidauniya a 1991 wadda take sayen filayen da kogwannin suke ciki, amma wannan aiki ne na gaba, sai reshe ya yi ƙarfi.

Mataki na biyar: ƙa'idar fita

A nan ne rai yake, don haka ƙa'idojin su zama a rubuce kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa, har da wanda ya kafa reshen. Kowace tafiya tana da jagora ɗaya da aka ambata da suna, wanda yake da ikon cewa a juya, kuma idan ya faɗa an gama magana. Kada a shiga ƙasa da mutum huɗu, saboda idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya zai zauna da shi, biyu su fita neman taimako ba tare da an bar kowa shi kaɗai ba. Kowane mutum yana da hular kwano mai maɗauri a haɓa, da fitilu uku masu zaman kansu, babbar a maƙale a hular don hannuwa su sami damar aiki. Tafiyar kuma da saurin wanda ya fi kowa rauni ake yin ta, kowa yana lura da wanda yake bayansa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne mutumin da aka bari a waje. Kafin a shiga, jagora zai ba wani amintacce da ba ya cikin tafiyar takarda mai ɗauke da sunan kogon da ƙofar da za a shiga, da ɓangaren da aka nufa, da sunayen mutanen, da lambar motar da inda aka ajiye ta, da lokuta biyu: lokacin da ake sa ran fitowa, da lokacin da idan ya wuce ba a ji komai ba zai kira masu ceto. A ce an shiga da ƙarfe goma na safe, ana sa ran fitowa ƙarfe huɗu, lokacin kira kuma ƙarfe bakwai. To idan bakwai ta buga, ba a so ya ce bari ya ƙara rabin sa'a, ba a so ya tafi bakin kogon ya leƙa, ana so ya ɗauki waya. Lalle ne ya san wanda zai kira tun kafin ranar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A Birtaniya ana kiran 999 a nemi 'yan sanda, sannan a ce ceton kogo ake bukata. A Amurka 911 ne. Su kuma waɗanda suka fito, abu na farko da za su yi kafin su tuɓe takalma shi ne su sanar da shi, domin kada a tayar da mutane talatin daga gidajensu a banza.

Sai ruwa. Kogwannin dutsen farar ƙasa ruwa ne ya sassaƙa su, kuma da yawansu har yanzu hanyarsa ce. Ruwan saman da ya sauka a kan tudu mai nisa yana iya cika lungun da kuka rarrafa ta cikinsa da safe har rufi, ku kuwa ba ku ji ko tsawa ba. A watan Yuni na 1967 mutum shida suka rasu a kogon Mossdale da ke Yorkshire a arewacin Ingila ta wannan hanya. A ranar 23 ga Yuni 2018 ruwan damina ya tare yara 12 da kocinsu a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, ba a gan su ba sai 2 ga Yuli. Saboda haka reshe ya ware jerin kogwannin yankinsa da suke ambaliya, ya rubuta sharaɗin da ba a shiga kowannensu, kuma jagora ya duba hasashen yanayi a safiyar tafiyar tare da la'akari da ruwan da aka yi a kwanakin baya, domin ƙasar da ta riga ta ƙoshi ba ta riƙe ƙari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma irin wannan sani na wuri shi ne abin da uwar ƙungiya ba za ta iya aiko muku daga hedikwata ba. Sanyi ma abin tsoro ne, domin zafin cikin kogo yakan yi daidai da matsakaicin zafin yankin na shekara, kuma jiƙaƙƙen mutum da ya zauna wuri ɗaya jikinsa yakan yi sanyi da sauri, don haka kowa ya riƙe babbar leda ko bargon gaggawa da ɗan abin ci.

Mataki na shida: sababbin shiga da kayan aiki

Reshe ya ajiye huluna da fitilu na aro, don kada tsadar kaya ta kori wanda yake son gwadawa. Tafiyar farko ta zama gajeriya, a kogon da ba ya bukatar igiya, kuma a gaya wa baƙon tun a waje cewa duk lokacin da ya ce ya isa za a juya ba tare da an ga laifinsa ba. Hawa da sauka a kan igiya ba a fara koyon su a cikin duhu. A bishiya ko bango ko rufin wani ɗaki ake koya, inda mai horarwa zai iya sauko da ɗalibi cikin sauƙi, kuma ba a kai mutum rami sai ya iya juyawa daga sauka zuwa hawa yana rataye a tsakiyar igiya. Yara ƙanana kuwa sai da izinin iyaye a rubuce da kuma manya fiye da ɗaya a tare da su.

Igiyoyin reshe kowacce tana da lamba da tsawonta da shekarar sayenta a rubuce a bakinta, da shafinta a littafin mai kula da kaya. Bayan kowace tafiya ana wanke ta da ruwa, saboda yashin da ya shige cikin saƙar yana cin ta daga ciki, sannan a bi ta da yatsu taku bayan taku, ana lanƙwasa ta ana jin inda ta yi laushi ko ta kumbura ko rigarta ta zaizaye. Inda aka yi shakka a yanke. A shanya ta a inuwa, a nisanta ta da batirin mota, domin ruwan batir yana kashe igiyar nailan ba tare da ido ya ga alama ba. Yawancin kamfanonin da suke yin ta ba sa yarda a wuce shekara 10 da ita ko da ba ta sha aiki ba.

Mataki na bakwai: kare kogon

Duwatsun ado da suke saukowa daga rufin kogo ɗigon ruwa ne yake gina su, sau da yawa abin da bai kai milimita ɗaya ba a shekara, don haka wanda aka karya ya tafi ke nan a tsawon rayuwar kowa da yake raye yau. Ko taɓa su da hannu mai taɓo yana ɓata su. A wuraren da suke da laushi ana shimfiɗa zare a ƙasa don nuna hanya, kowa ya taka inda na gabansa ya taka, kuma duk abin da aka shiga da shi ana fitowa da shi.

Jemagu suna da nasu haƙƙin. Inda suke barcin hunturu, kowace farkawa tana cinye kitsen da za su kai bazara da shi, saboda haka ana rufe irin waɗannan kogwanni a lokacin. Tun 2006, lokacin da aka fara ganin cutar farin hanci a wani kogo kusa da Albany a jihar New York, funfunar da take jawo cutar ta kashe miliyoyin jemagu a Arewacin Amurka, kuma tana iya bin taɓon takalmi daga kogo zuwa kogo. Wannan ya sa wanke kaya da tsoma su a ruwan zafi mai digiri 55 a ma'aunin Celsius ya zama ƙa'ida a can, kuma ba a ɗaukar kayan da aka yi aiki da su a yankin da cutar take zuwa inda ba ta kai ba. Ƙurar kashin jemage kuma tana iya sa wa mutum ciwon huhu, don haka wanda ya yi zazzaɓi da tari bayan tafiya ya gaya wa likita inda ya shiga.

Akwai kuma ɓoye wurin da kogo yake, abin da sababbin mambobi sukan ɗauka rowa ce. Kogon da aka wallafa wurinsa a intanet ba ya daɗewa sai an same shi da fenti a bango da fasassun kwalabe, mai filin kuma ya toshe shi. Dokar tarayya ta kare kogwanni da Amurka ta yi a 1988 ma ta ba hukumomi damar ƙin bayyana inda muhimman kogwanni suke. Reshe ya rubuta a ƙa'idarsa cewa ba a sa hoto mai ɗauke da bayanin wuri, kuma ba a ba wanda ba a sani ba kwatance, sai dai a gayyace shi taro.

Mataki na takwas: awo, rubutu da ceto

Awon kogo aikin mutum uku ne ko huɗu: daga alama zuwa alama ana ɗaukar tsawo da tef ko na'urar leza, da fuska da kamfas, da gangara da ma'auninta, wani kuma yana zana bango da ƙasa a littafi. Da irin wannan haƙuri ne 'yan sa-kai suka gano mahaɗar kogon Mammoth na jihar Kentucky da na Flint Ridge a 1972, har tsawon da aka auna a yau ya haura kilomita 670. A Tham Luang ma, taswirar da masu shiga kogo suka riga suka zana, da kuma ilimin wani ɗan Birtaniya mazaunin yankin da ya daɗe yana shiga kogon su suka nuna wa masu ceto inda za su dosa. Don haka kowace tafiya a rubuta rahotonta, ko da layi biyar ne, har da kuskuren da aka yi da haɗarin da aka tsallake, a karanta a taro ba tare da neman wanda za a kunyata ba. Taswirori da littattafan awo a ajiye kwafinsu a wuri biyu, ɗaya a wajen uwar ƙungiya.

Reshe ba rundunar ceto ba ne, amma daga cikinsa ake samun masu ceto. Ƙungiyar ceton kogo ta Yorkshire tana aiki tun 1935, Faransa ta kafa tata ta ƙasa a 1977, NSS kuma tana da hukumar da take koyar da wannan aiki. Ku tura mambobinku horon, ku miƙa wa rundunar da ta fi kusa da ku jerin kogwanninku da taswirorinsu da lambobin waɗanda suka san su, kuma sau ɗaya a shekara ku ɗaure ɗayanku a gadon ɗaukar majinyaci ku fito da shi daga wani kogo mai sauƙi, kuna duba agogo, don kowa ya ga da idonsa sa'o'i nawa tafiyar minti ashirin take komawa.